Bahon Zafi Na Hannu: Cinikin Da Ba Ya Ƙarewa A Bakin Dillali

Duk wanda ya bi ta shataletalen Kpakungu da sassafe a watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya sauka a garin Minna, zai ga hayaƙi yana tashi daga gidaje tun kafin a fara maganar karin kumallo. Wannan hayaƙi na ruwan wanka ne. Uwargida ta ɗora tukunya, 'yan makaranta sun jeru kowa da bokitinsa ana sirka musu moɗa-moɗa, maigida kuwa yana jiran nasa rabon kafin ya kama hanyar ofis ko kasuwa. Haka aka saba, ba kuma wanda ya taɓa ganin aibin abin. Amma da yake ido ba ya ƙoshi, yanzu zamani ya zo da wata sha'awa, watau mutum ya mallaki bahon da ke zafafa ruwa da kansa, yana kuma feso shi ta ƙananan kafofi yana gasa wa mai wanka jiki. Shi ne wanda ake kira jakuzi.

Sunan na wasu 'yan'uwa ne, iyalin Jacuzzi, mutanen Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suka shahara wajen ƙera injin jawo ruwa. A 1956 suka fito da wani ɗan inji da ake tsomawa cikin baho yana motsa ruwa, asalinsa kuwa saboda wani yaro ne na gidan da ke fama da ciwon gaɓoɓi. A 1968 Roy Jacuzzi ya haɗa injin da bahon suka zama abu ɗaya. Watau abin da aka fara don jinya shi ne daga baya ya koma kayan alfarma na manyan otel-otel da gidajen masu hannu da shuni.

Sabonsa ba abin da mai ƙaramin albashi zai ko taya ba ne. Amma na hannu yana nan yana yawo. Otel a Abuja ya yi gyara ya ciro tsofaffi, wani attajiri ya rushe gida zai sāke gini, wani kuma ya zo cikin kwantena daga Turai tare da tsofaffin firji da talabijin. Daga nan sai kasuwar Panteka ta Kaduna, ko wajen masu kayan gini a Deidei, ko kuwa hoto kawai a Facebook da lambar waya a ƙarƙashinsa. A ɗauka wani magidanci ne a Kpakungu, ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, an biya shi garatutinsa bayan dogon jira, ga gwiwa tana damunsa, likita kuma ya ce ruwan ɗumi zai taimaka. Sai dillali ya nuna masa hoto a waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ko morarsa ba a yi ba. Kuɗin sabo ɗaya sai ya sayi irinsa huɗu. Don dai kai ne, Alhaji, da wani ne ko nuna masa ba zan yi ba." Dattijo ya dubi farin baho yana ƙyalli, ya tuna shekarun da ya yi yana tsugune gaban bokiti, sai zuciya ta fara raya masa cewa shi ma lokacinsa ya yi.

Kada mai karatu ya zaci za a kushe sayen kayan hannu ne. Ko kusa. Da ba don na hannu ba, da gidaje da yawa a Kpakungu da Soje da Barikin Sale ba su da firji, ba su da fanka, ba su da keken ɗinki. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, malamin makaranta yana iya shiga kanti ya fito da sabon kaya cikin kwalinsa. A 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi ma ɗan garin Minna ne, aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, sabon kaya ya fara gagarar talaka. Tun daga wannan lokaci kalmar tokumbo, wadda Yarbawa ke nufin abin da ya ƙetaro teku da ita, ta shiga bakin kowa. Tarihi ya sāke maimaita kansa a watan Yuni na 2023, sa'ad da aka sāke sakin naira: dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Mutumin da ya nufi kasuwar kwance a irin wannan hali ba rowa ce ta kai shi ba, hankali ne. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, can gaba a kan hanyar Bida, in sun gama karatu sukan sayar da katifa da tebur da fanka, kuma wanda ya saya ba ya nadama, gama tebur ba ya da ciki: abin da ido ya gani shi ke nan.

Matsalar tana ga kayan da suke da ciki, musamman waɗanda suka haɗa ruwa da wutar lantarki wuri ɗaya. A nan ido ba ya isa shaida. Kuma akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a tambayi farashi, ita ce, me ya sa mai shi ya rabu da shi? Mai firji yakan sayar don bukata ta taso masa. Mai jakuzi kuwa galibi ba mabukaci ba ne. Ya sayar ne don abin ya ishe shi, ko yana zuba, ko injin ya fara ƙara, ko kuwa ya gaji da ciyar da shi. Arhar da dillali ke yabo, ladan ɗauke wa wani kaya ce daga kansa.

Bari a yi lissafin ciyarwar, tun da lissafi ba ya jin kunyar kowa. Bahon iri biyu ne. Akwai ƙarami na cikin banɗaki, na mutum ɗaya, wanda ke cin kamar lita 250, ana cika shi a zubar a kowane wanka. Lita 250 jarka 10 ke nan mai lita 25, kusan abin da kurar ɗan ga-ruwa ke ɗauka a sawu ɗaya. Watau wankan maigida na minti ashirin ya lashe ruwan da zai ishi gidan girki da wanke-wanke da alwala na yini. Sa'an nan akwai babba, wanda ake girkewa a tsakar gida, mutum huɗu ko biyar su zauna ciki, mai cin lita 1,200 ko fiye. Wannan jarka 48 ne, nauyin ruwan kaɗai ya wuce tan ɗaya, saboda haka ba a ɗora shi sai a kan daɓen kankare mai ƙarfi. Duk wanda ya zauna a Kpakungu ya san darajar jarka. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tagwai zuwa matatar Chanchaga ba kullum yake kai wa kowane lungu ba, don garin ya faɗaɗa fiye da bututun da aka shimfiɗa masa tun bayan da ya zama hedkwatar jiha a 1976. Rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa su ke riƙe da mafi yawan gidaje, da rani kuwa rijiyar ma takan ja baya.

To, ga ruwa an samu, saura zafi. Masana sun auna cewa kafin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya, sai an ƙona wutar da ta ɗara wat 1 na awa ɗaya da kaɗan. Ruwan da ke digiri 25, in ana so ya kai 38 inda jiki ke jin daɗinsa, a baho mai lita 1,200, zai ci wajen yunit 18 a mita. Bokiti mai lita 15 kuwa, ko da daga ruwan sanyin hunturu aka faro, abin da zai ci bai wuce sulusin yunit da 'yar ɗoriya ba. Zafafa babban baho sau ɗaya ya isa wankan bokiti 50. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin A, masu samun awa 20 ko fiye a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta, zuwa watan Yuli kuma yana kan 209 da rabi. A wannan farashi yunit 18 ya tasam ma naira 3,800, kuma wannan zafin farko ne kawai, ban da wutar da za ta riƙe shi kada ya huce. Wanda ba ya cikin rukunin A yana biyan ƙasa da haka, amma shi kuma awowinsa ƙalilan ne, alhali hitar bahon mai kilowat 3 tana bukatar awa 6 cur ba yankewa kafin ta gama aikinta. Ƙaramin janareton da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai kilowat 1 ba, ko motsa ta ba zai yi ba.

Abin ban takaici ne a yi wannan magana a Jihar Neja, jihar da ke da Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro mai megawat 600 tun 1990, ga Zungeru mai 700 da aka kammala a 2023. Amma mazauna Minna sun fi kowa sanin cewa zama kusa da madatsa ba ya hana a ɗauke wuta ana tsakiyar guga. Har yau in ta dawo yara sunan Nepa suke kira, hukumar da aka kafa a 1972 wadda ta daɗe da shuɗewa.

Ɗaukewar wutar nan ce ke buɗe ƙofar haɗarin da dillali bai sani ba, balle ya faɗa. Ruwan babban baho ba a zubar da shi kullum, yakan yi wata 3 ko 4 kafin a sāke. Abin da ke tsare shi daga lalacewa shi ne inji ya riƙa juya shi ta cikin matata kowace rana, a kuma riƙa zuba masa kulorin bisa awo. In wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, sai ruwan ya tsaya cik, ba zafi ba sanyi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke hayayyafa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 45, ba ta mutuwa sai an kai shi wajen 60. A Turai in hita ta mutu sanyin gari yakan sauko da ruwan ƙasa da wannan iyaka. A Minna kuwa, inda zafin watan Maris ke kusantar digiri 40, ruwan da aka bari kawai yana zaune ne a inda ƙwayar ke so. Ba ta shan ruwan ake kamuwa ba, ta shaƙar feshinsa ne, jakuzi kuwa aikinsa ke nan, feshi. Tana haddasa ciwon huhu mai tsanani, ta fi kuma kama tsofaffi da masu shan taba da waɗanda jikinsu ya raunana, watau daidai irin dattijon da gwiwa ta sa ya yi sha'awar bahon. An fara gane cutar a 1976, bayan ta kashe mutane a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya. A 1999, a wajen baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, wani bahon zafi da aka ajiye don talla ya kwantar da mutum fiye da 180, fiye da 20 suka rasu. A 2019 irin haka ta faru a wani baje koli a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mutum fiye da 130 suka kamu, 4 suka rasu. Waɗannan bayin Allah ba wanka suka yi ba, wucewa suka yi ta kusa. Bahon da ya yi shekaru a otel, sa'an nan ya yi watanni a yashe da ragowar ruwa cikin bututunsa, yana da wani yauƙi manne a ciki wanda soso ba ya kaiwa gare shi, ko da an goge bayansa yana ɗaukar ido.

Sai kuma batun wutar kanta. Wutar gidajen Amurka 120 ce, tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijeriya kuwa 230 ce mai juyi 50, irin ta Ingila da sauran Turai. Injin da aka ƙera wa Amurka, ko da an rubuta masa 240, ba zai yi gudun da aka tsara masa a nan ba, yana kuma iya ɗaukar zafi ya ƙone. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka, duk da cewa dokar da aka yi a 2011 ta hana shigo da waɗanda ba sa aiki. Wanda ya biya kuɗi a kan hoto ya yi cinikin biri a sama.

Gaskiyar magana, yawancin magidantan Kpakungu ba za su taɓa taya jakuzi ba. Amma ƙanensa suna nan a gidajensu, kuma halinsu ɗaya. Akwai hitar bango, farar tukunyar nan da ake rataye wa a banɗaki, wadda ta hannu ke tafiya ƙwarai in hunturu ya gabato. Cikinta ƙarfe ne, an kuma sa mata wata sanda ta musamman wadda tsatsa ke ci a maimakon jikin tukunyar. In sandar ta ƙare sai tsatsa ta koma kan tukunyar, daga waje kuwa fenti na nan fes. Galibi irin wannan hita shekara 8 zuwa 12 take yi, ba kuma mai sayarwar da zai ce tasa ta yi 11. Tana da na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya kai zafin da aka ƙayyade, da kuma wani ɗan bawul da ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Tsohon bawul yakan riƙa ɗiga, sai mai gyaran da bai san aikinsa ba ya toshe shi don a huta da tsiyaya. Ranar da na'urar kashe wutar ta maƙale, ga bawul a toshe, tukunyar tana iya fashewa ta tafi da bango. Akwai kuma 'yar ƙaramar hitar da ake tsomawa cikin bokiti, wadda in jikinta ya tsage ruwan da kansa ke zama wuta, yaro ya sa yatsa don ya ji ko ya yi zafi. Gidajen haya da yawa an yi musu wayarin ba wayar ƙasa, ba kuma na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe shi ne hanyar da wutar za ta bi.

Saboda haka wanda ya dage sai ya saya, akwai yadda masu hankali ke raba abin. Gangar jiki ana iya sayen ta hannu, kayan ciki kuwa sai sababbi. Baho zalla marar inji, na ƙarfe ko na tangaram, in bai tsage ba zai yi wa jikoki ma aiki, kuma shi ne ainihin arha a kasuwar kwance. Amma abin zafafa ruwan, da na'urar kashe wuta, da bawul, da robobin da ke hana zuba, da waya, waɗannan a cire na da a sa sababbi, a kuma haɗa kuɗinsu da na mota da na mai gyaran famfo da na mai wuta a kan farashin dillali tun kafin a ce an sallama. Sau da yawa in an haɗa sai a ga ratar da ke tsakanin tsoho da sabo ta tsuke, ga shi sabo yana da garanti. Kada a gwada a bushe. A cika shi da ruwa a wurin mai sayarwa, a kan busasshen siminti, a kunna injin ya yi awa guda, a bar shi ya kwana, da safe a zo a duba ƙarƙashinsa. Mai gyaran da zai duba kuwa ya zama na mai saye, ba wanda dillali ya kirawo ba, don wanda ke jiran rabonsa cikin la'ada ba ya ganin tsaga. Mai kayan da ya ce ba shi da ruwan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Dillalai suna da wata kalma da suke rufe ciniki da ita, wai saye ba mayarwa. Malaman fiƙihu ba su bar wannan a sake ba. Duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya san cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta wajabta wa ɗan kasuwa ya bayyana a fili cewa kayansa na hannu ne ko gyararre ne. Sai dai haƙƙi ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da shaida. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan da lambarsa, a yi magana gaban mutum biyu, in da hali a riƙe wani kaso na kuɗin sai an girka an ga aiki. Dattawa da yawa suna jin nauyin neman takarda a hannun yaron da ke kiransu Baba, suna ganin kamar zargi ne. Dillalin kirki ba ya jin haushin wannan, wanda ya ɓata rai kuwa ya taimaki mai saye da bayani.

Game da gwiwar dattijo, abin da likita ya nufa ruwan ɗumi ne, bai ce sai mai feshi ba. Babbar roba da butar ruwan zafi da tawul suna isar da saƙon. Rana ma tana nan kyauta: baƙin tankin roba da ke saman gida, daga watan Fabrairu har faɗuwar damina, yakan ba da ruwan da sai an sirka kafin a watsa a jiki da la'asar. Watannin da ake bukatar wuta don wanka a Minna ba su wuce biyu zuwa uku ba a shekara, sauran kuwa mutane ruwan randa suke nema.

Bahon da aka saya aka kasa ciyarwa ba ya ɓacewa, ga girma ga nauyi, ba ya shiga ɗaki ba ya fita ta ƙofar zaure sai an fasa. Da fari akan rufe shi da tamfol ana cewa sai wuta ta gyaru. Damina ta farko ruwa ya taru a ciki, sauro ya samu gida. Daga nan sai 'yan jari-bola su fara sallama, su kuwa ba bahon suke so ba, jan ƙarfen da ke cikin injin suke awo a sikeli su biya kilo-kilo. Gangar da ta rage, in maigidan mai dabara ne, yakan toshe kafofin feshin da siminti ya zuba 'ya'yan tarwaɗa.